Sabulun Inna a Bakin Duniya

A ƙofar ɗaki, mai kantin bakin titi ya dire kwalin ƙarshe na sabulun da ya dawo da shi, ko sallama bai yi ba. Auta ta durƙusa ta buɗe, ƙamshin sabulun ya bugi hancinta, sai hawaye shar... Kowane guda na ɗauke da tambarin da mahaifiyarta ta sa aka sassaƙa kafin ta rasu: Sabulun Inna. Da shi aka rene ta, da shi take riƙe da Baba tun da idanunsa suka mutu, yau kuma sunan nan ne ake tsine wa a wayar kowa.

Ba baƙo ne ya yi mata haka ba. 'Yar kawunta ce, wadda ake kira 'Yar Gayu, da ta zauna gindin tukunyar Inna ta koyi haɗin tsaf, sannan ta buɗe nata. Ita ce ta ɗauki bidiyo tana sharɓar kuka, ta ɗaga hannu duk jajayen tabo, wai sabulun ƙanwarta ne ya ƙone ta. Da abin ya tsaya a waya, da da sauƙi. Sai babban gidan talabijin ya ɗauka ya saka a labarai, ba tare da wani ya tako ya ji ta bakin marainiyar nan ba. Mutane kuwa, in dai gidan nan ya faɗa, to a wurinsu magana ta ƙare.

Matan layi suka zubar da nasu a kwata a gaban idonta. Mai gida ya hana ta kunna wutar haɗi a tsakar gida. Ta je wurin Kawu da kuka, ya ce ta rufa wa dangi asiri ta fito ta nemi afuwa. Ta durƙusa wa 'Yar Gayu ta ce, "Yaya, ni ki zage ni son ranki, amma sunan Inna fa? Ita ta yi miki wankan jego." 'Yar Gayu ta taɓe baki ta ci gaba da latsa waya.

Duk wannan bai karya Auta ba, sai ranar da Baba ya lalubo hannunta ya ce a hankali, "Auta, faɗa min tsakani da Allah... ko kin canza haɗin mahaifiyarki ne? Ai talabijin ba za su yi ƙarya ba." Ta shiga ɗaki ta rungume katakon tambarin tana cewa, "Ya Allah, Kai ne shaidata, Ka wanke baiwarKa da ke kabari."

'Yar Gayu kuwa kasuwa ta buɗe mata, har ta sayi filin talla a gidan talabijin ɗin, aka gayyace ta shirin safe kai tsaye. Auta na shagon tela maƙwabcinsu, ta kai ɗinkin rigar Baba, sai aka hasko 'Yar Gayu a talabijin ɗin shagon ta ɗaga hannun nan. Abin da ba ta sani ba, fitilun ɗakin shirin zafi gare su. Gumi ya fara tsattsafo mata. Mai gabatarwa, don tallar ta yi armashi, ta jiƙa ƙyalle da sabulun 'Yar Gayu ta ce bari a gwada wa masu kallo laushinsa a kan ciwon. Shafa ɗaya ta yi, tabon ya biyo ƙyallen, fata ta fito sumul. Jan baki ne!

Kafin azahar wannan bidiyon ya ninka na farko yawo. Hukuma ta tafi da 'Yar Gayu, gidan talabijin ya nemi afuwa a labaran yamma, mai kantin bakin titi ya dawo yana sosa ƙeya, har da sallama sau biyu.

Auta ba ta yi murna ba. Ta shiga ta tarar da Baba zaune, sabulu a tafinsa, yana bin harufan da yatsa, hawaye na gangarowa daga idanun da ba sa gani.

"Na yarda da akwatin da ban taɓa gani ba, na yi shakkar 'yar da na goya," ya ce. "Ki yafe min."

Ta kifa kanta a gwiwarsa. "Ban canza komai ba, Baba. Ko ɗigo ɗaya."