Bugu Biyu a Jikin Akwala

Wajen ƙarfe huɗu na yamma na fita ɗauko bargo daga cikin motar. Kwana biyu ke nan ƙanƙara ta karya turakun wuta a ƙauyenmu na Manitoba, gida ya yi sanyin da ruwan kofi ke daskarewa a kan tebur.

Motar irin mai ɗaki ce, da gado da murhu a ciki. Ta mijina Orest ce. Akwala nake ce mata, shi kuma ya ce, "Akwalar ta fi ki biyayya." Shekara arba'in da ɗaya muna wannan faɗan. Duk inda muka je kamun kifi, in ya gama daidaita ta, sai ya bugi jikinta sau biyu da tafin hannu. Ma'anarsa, fito mun iso. Bai taɓa buɗe mini ƙofa ba, mutumin nan. Bara ya rasu.

Da na shiga sai na ga ai nan ya fi gida. Na kunna hitar gas mai ɗumama ɗaki, na kira maƙwabcina Wendell a waya.

"Mama Lesia, kin share dusar ƙanƙarar da ke bakin bututun hayaƙin?"

"Na share."

Ƙarya nake. Gwiwata ba za ta iya ba.

"Ina buɗe hanya da tarakta, zan zo in ɗauke ki. Kar ki yi barci fa."

"Kai, tafi can. Na girmi uwarka."

Ɗumi ya fara ratsa ni. Iska na kuka a waje, dusa na hawa taga. Rigar sanyin Orest na rataye a bayan kujerar direba, har yanzu da warin taba da kifi. Na rungume ta. Wallahi na yi kuka.

Sai kujerar ta yi ƙara, irin ta wanda ya zauna.

"Lesia."

Muryarsa ce. Ƙasa-ƙasa, daga gaban motar inda duhu ya taru.

"Kin gaji, abar ƙaunata. Kwanta."

Kaina ya yi nauyi. Na ga ƙeyar mutum a kan kujerar, bai juyo ba.

"Orest?"

"Ni ne. Na yi kewarki. Rufe ido, ina nan."

Na kwanta. Daɗi ya kama ni, kamar an lulluɓe ni da auduga. Harshen wutar hitar ya koma rawaya. Na gani, ban damu ba.

Bam. Bam.

A jikin motar, daga waje, daidai kunnena.

"Iska ce," in ji muryar. "Yi barcinki, zuciyata."

Zuciyata? Orest? Mutumin da ko ranar aurenmu abin da ya ce shi ne takalmina zai kayar da ni?

Bam. Bam.

Wannan bugun na san shi. Tafin hannu ne mai guntun yatsa, wanda injin yankan ciyawa ya cinye wa rabin ɗan ali.

Na yunƙura. Ƙafafuna suka ƙi.

Kujerar ta fara juyowa, a hankali.

"Kar ki bar ni," in ji abin. Yanzu muryar ta yi kauri, kamar daga cikin rijiya.

Ban kalla ba. Na faɗo ƙasa, na ja ciki.

Numfashi mai zafi a wuyana.

Na kama mariƙin ƙofa. Ya daskare.

Bam! Bam!

Ƙofar ta ɓalle, na faɗa cikin dusa da fuska. Sanyi ya mare ni, na yi ta amai.

"Orest!" Na ɗaga kai. "Tsaya in gan ka, don Allah!"

Ba kowa. Sai iska.

A nan fitilar tarakta ta same ni. Wendell ya naɗe ni da rigarsa, ya zagaya motar da tocila. Ya dawo wurina.

"Bututun ya toshe gaba ɗaya, hayaƙin gas ya cika motar. Da minti goma na ƙara, da gawarki zan ɗauka. Wa ya buɗe miki?"

Na nuna masa jikin motar. A kan ƙanƙarar da ta kama ƙarfen akwai shaidar hannu, yatsu huɗu da rabi. Babu sawun ƙafa ko ɗaya.

Na warke bayan kwana uku a asibiti. Abin da ban gaya wa likita ba shi ne, na gane tun da wuri na cikin motar ba mijina ba ne, amma na so in zauna. Ya faɗa mini abin da na jira shekara arba'in da ɗaya in ji. Nawa na gaskiya bai ce komai ba, bugu kawai ya yi, kamar kullum.

Ban sayar da akwalar ba. Da yamma nakan shiga in zauna, in kasa kunne. Ran nan Wendell ya tarar da ni a ciki.

"Mama, kin san ba zai sake bugawa ba sai in kina bakin mutuwa."

"Na sani," na ce.

Sannan ya zagaya baya, ya kwance tukunyar gas ɗin, ya saka a motarsa ya tafi da ita. Ban hana shi ba.