Ranar da Akuya Ta Cinye Duniya Biyu

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a Yako. Tana da kai, amma komai aka sa ta sai ta ce, "Sai an jima."

Ranar Litinin Malama Lubabatu ta ce, "Duniyoyi huɗu ne suka fi kusa da rana: Makuri, Zara, Duniyarmu da Mas. Duk na dutse ne. Kowa ya mulmulo su da yumɓu ya kawo ranar Alhamis. Wanda nasa ya fi kyau shi zai wakilce mu a gasar Kiru."

Yarinyar tana son zuwa Kiru kamar me. Amma ran Talata ta tafi wasan gaɗa. Ran Laraba ta ce ta gaji.

Da safen Alhamis ido ya raina fata. Sai ta hango furar da Inna ta kirɓa don masu aikin gona. Ta ɗebi curi huɗu, ta rage wa Makuri girma, ta shafa wa Mas jar ƙasa. Ta jera su a faifai.

A makaranta ta ajiye faifan a bakin taga. Ana cikin karatu wata akuya ta miƙo wuya. Kafin a ce kwabo ta haɗiye Mas, ta bi da Duniya!

Aji ya kaure da dariya.

"Ikon Allah!" in ji Malama. "Akuya na cin dutse?" Ta latsa Zara, ta sunsuna yatsanta. "Haba! Na ce yumɓu, kin kawo mini fura? Kwana uku fa na ba ki!"

A gida kuma Inna na tsaye riƙe da ƙugu. "Tun safe nake neman furar nan. Ke kam kin ishe ni!"

"Ki yi haƙuri, Inna. Ni na ɗauka."

Ta kwashe duka ta gaya mata. Inna ta girgiza kai. "To, ga hanyar rafi can. Yanzu, ba an jima ba."

Yarinyar ta ɗebo yumɓu ta mulmula. Da suka sha rana, Inna ta gasa mata su a murhu.

Gasar Kiru dai ta wuce ta. Amma da ta kai su makaranta, Malama ta ƙwanƙwasa Mas ɗinta, ta ji tauri, ta yi murmushi. Ta ɗora su a kan teburinta don koyar da 'yan aji huɗu.

"Kin gani?" in ji Malama. "Aikin yau, a yi shi yau."

Akuyar ta sake leƙowa, ta sunsuna, ta juya abinta.