Burtalin da Ya Kauce Hanya

Sufeto Almu bai gama cire takalmi ba aka shigo masa da wani tsoho, hannun rigarsa duk jini, kuma ba jininsa ba ne. Ranar Laraba ce bayan azahar a ofishin 'yan sanda na Kebbe. Shekara ashirin da bakwai Almu na cikin kaki. Ya gaji da mutane, ya gaji da hanya, bayansa ma ya gaji da shi.

Saje ya yi bayani a tsaye. Wani kwamiti da ke sake shata burtali, wato hanyar shanu, tsakanin Tambuwal da Kebbe ya turo ma'aikacinsa Sambo a kan babur. A ƙahon babur ɗin akwai na'urar jifiyes mai nuna hanya, duk inda layinta ya bi nan Sambo ke kafa jan turke. Layi ya ratsa tsakiyar geron wannan tsoho, Arzika, shi kuwa ya sauke wa Sambo ƙotar fartanya. Sambo yana asibiti, na'urar kuma ta ɓace.

"Kai ka buge shi?" in ji Almu.

"Ni nab buge shi, yallaɓai. Gonar ga ita ka ci da mutum goma sha ɗaya. In anka ba shanu ita, mi za mu ci?"

"Na'urar fa?"

"Mi zan yi da ita? Ko waya sai an latsa min."

Almu ya mai da takalminsa ya fita duba babur ɗin. Ubaidullahi, mai kula da kwamfutar kwamitin, shi ya ɗauko shi daga gonar ya kawo. Mariƙin na'urar lafiya lau yake, an kwance shi da ɗan makulli, an zare waya a hankali. Manomin da ransa ya ɓaci ba ya tsayawa ya kwance ƙusa.

Washegari ya sha ramukan hanya zuwa Tambuwal. Sambo na kwance, hannunsa na dama a ɗaure. Likita ya ce da wuya yatsun su sake riƙe birki.

"Ni layi nika bi, yallaɓai," in ji Sambo. "Ba ni ka zana shi ba. Na ga gero, raina bai so ba, amma na'ura ta ce nan."

"Ba ka ga wani abu daban ba?"

"Kullum lamba taka nuna min, tasha ta kaza, tasha ta kaza. Jiya sai ta rubuta suna: Gawon Goggo. Daga gawon nan layi yal lanƙwashe."

A ofishin kwamitin, shugabarsu Hajiya Najiba ta sa Ubaidullahi ya buɗe kwamfuta. Mutum ne mai tsabta da ladabi, irin wanda ke gaishe ka sau uku kafin ka zauna.

"Bisa taswirar intanet nika zana hanya," ya ce. "In sauke fayil, in jona kebul, in zuba ma na'ura. Ga shi, yallaɓai."

A allon, burtali ya miƙe ɗoɗar ta gabas da gawon, ko kusa da gonar Arzika bai je ba.

"To ya aka yi ya shiga gero?"

"Na'urar ce. In anka zuba mata hanya, wani lokaci takan sake lissafi da tata taswira, ta kauce."

Hajiya Najiba ta gyaɗa kai, ta ce hakan yakan faru. Almu ya ji daɗin amsar har cikin ƙashinsa, domin na'ura ba a kai ta kotu, ba a rubuta mata rahoto shafi goma. Saura kaɗan ya ɗauki hularsa. Sai ya tuna tsohon da ya kwana a ƙasan sel, ya sake zama yana jin haushin kansa.

"Hajiya, in ta sake lissafi, takan raɗa wa wuri suna?"

"A'a. Suna sai mutum ya rubuta da hannu."

Almu ya kira Saje a waya, ya ce a miƙa wa Arzika, sannan ya buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Baba, wane icce ne Gawon Goggo?"

"Mu gawon burtali muka ce mishi. Gidan Malam Nu'umanu kaɗai ka kiran shi hakanan, don uwargidanshi Goggo nan taka hutawa in ta kai abinci gona. Su sunka nome burtalin tun dauri, kowa ya sani, kunyar Malam aka ji."

"Ka san Ubaidullahi?"

"Wanda yak kawo babur? Jikan Malam na, ɗan ɗiyatai."

Almu bai ɗaga murya ba, ba shi da ƙarfin hakan. Ya miƙa hannu kawai. Ubaidullahi ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya buɗe jakarsa ya ciro na'urar, a naɗe cikin hankici.

"Kakana ya haura tamanin, ba ya gani," ya ce. "Rabin garin shi yak karantar da su. In kafa jan turke a gonatai, a ce Malam ya ci hanyar shanu? Tasha shida niƙ ƙara a fayil ɗin da niz zuba, nib bar na intanet yadda yake. Na sa suna don in gane inda zan goge daga baya. Wallahi ban yi zaton za a taɓa kowa ba."

"Gonar wa ka yi zaton shanun za su bi?" in ji Almu.

Hajiya Najiba ta juya fuska ta ce gobe za a tumɓuke turakun. Almu ya tasa Ubaidullahi gaba zuwa mota, bai ko sa masa ankwa ba.

La'asar sakaliya suka isa Kebbe. Almu ya sa aka fito da Arzika, ya gaya masa gonarsa ta tsira, ba kuma a tuhumarsa da sata. Tsoho ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala, ya fara laluben takalminsa. Wannan ne ɓangaren aikin da Almu ya fi ƙi.

"Baba, ba gida za ka ba. Hannun Sambo ya lalace. Ranar Litinin ku biyu za ku kotu."

Arzika ya ajiye takalmin. Ya dubi Ubaidullahi da ke tsugune a gaban kanta ana rubuta sunansa.

"Ɗana," ya ce, "shekara sittin da biyar ban taɓa ɗaga ma mutum hannu ba. Kai ka zauna inuwa kaj ja layi da yatsa guda, yanzu ni ad da alhakin hannun bawan Allah."

Ya juya ya koma cikin sel da ƙafarsa, tun kafin Saje ya ɗauko makulli.