Gwanin da Ba a Duba Aikinsa

A wani gari an yi masana kwamfuta masu aikin gayya, suna gina manhajar da ke tayar da kowace na'ura, kyauta. Al'adarsu, duk wanda ya rubuta gyara sai 'yan'uwa sun duba.

Cikinsu akwai wani gwani mai son a san shi. Dattijuwar da ke tace aikin ta ce, "Ɗana, kawo a duba."

Ya ce, "Haba Iya, gwani ake dubawa?"

Ta sake cewa, "Kawo a duba." Sai ya faki idonta ya cusa gyaransa cikin manhajar, ya liƙa sunansa ɓaro-ɓaro.

Kashegari na'urorin garin suka ƙi tashi, har na asibiti. Aka buɗe manhajar, sai ga sunansa a kan gyaran da ya ɓata ta. Burinsa kuwa ya cika, don har goyo ya san shi.