Rijiyar da Ta Ƙi Fita Daga Fayil

Ana shirin kiran magariba Rakiatu ta koma shagonta da ke bakin layi, ranta a ɓace kamar ta ci babu. Gobe magina za su fara ɗakin mahaifiyarta a gidansu na Zongo, ga damina a kai, ga zanen ya ƙi gyaruwa.

Ita ta rubuta manhajar zanen da hannunta. Kowane ɗaki, kowane bango, manhajar na adana shi cikin fayil na XML, a tsarin da ta ƙirƙiro wa kanta: alamar buɗewa, bayanin abu, alamar rufewa. Abu ɗaya ne ya gagare ta, tsohuwar rijiyar tsakar gida da aka danne da dutse tun zamanin kakanta, daidai inda take son ɗakin ya zauna. Ta goge ta, ta adana, ta buɗe, sai ga rijiya ta dawo.

Da rana Wofa Karimu, ƙanin mahaifiyarta, ya ce mata, "Ƴata, bar rijiyan nan. Akwai masu shi. Mu dai gaishe su muke, mu wuce."

"Wofa, Mma na kwana ruwa na zuba a kanta, kuna gaida rami!"

Haushin maganar bai sake ta ba. Tsohuwa ido ya tafi, amma kowa ta aljanu yake.

Ta buɗe fayil ɗin tana bin sa layi layi, tana tsaki. Can ta gani. Alamar rijiyar a buɗe take, babu ta rufewa. A irin wannan fayil kuwa, abin da ba a rufe ba yakan haɗiye duk abin da ya biyo bayansa. Manhajar ma bai kamata ta karɓe shi ba, amma ta karɓa.

A fayil ɗin, madafa ta shiga cikin rijiya. Zaure ya shiga.

Fanka ta tsaya. Warin danyen laka ya cika shagon.

Ta buga alamar rufewa da ƙarfi. Haruffan suka goge kansu ɗaya bayan ɗaya.

"Ko uban waye kai, gidan ubana ne," ta faɗa ƙasa ƙasa, haƙora a cije.

A bayanta ta ji igiyar guga na gogar dutse. Ruwa na ɗiga.

Wani layi ya matso da kansa, ya shige cikin alamar rijiyar. Ɗakin Mma.

Sai ta tuna. Ita ce da safe, cikin fushi, ta ce wa magina su ɗage dutsen.

Ta fita ba takalmi. Ta ture mai sayar da koko, ta faɗa zauren gidansu. Ga Mma da buta a hannu, tana lalube, ta saki hanyar da ta saba bi wajen alwala.

"Na'am, ina zuwa," in ji tsohuwar, tana amsa wa ramin.

Rakiatu ta cafko zaninta. Buta ta suɓuce ta faɗa. Suka saurara, ba su ji ta taɓa ruwa ba.

Kafin isha'i Wofa Karimu da maƙwabta sun mayar da dutsen. 

An gina ɗakin Mma ta gefen zaure. Rijiya na nan cikin zanen, alamarta a rufe. Har yau Rakiatu ba ta gaishe ta, don fushin bai huce ba. Amma kullum kafin magariba sai ta duba dutsen, sannan ta buɗe fayil ta duba layin.