Tsarabar Mujeeb Daga Akara

Da hantsi aka kira Sufeto Aminullahi Hausawi zuwa wani bene a unguwar Al Qusais ta Dubai. Shi ake jibga wa duk rigimar da ta shafi masu jin Hausa, domin kakansa daga Kano ya taka da ƙafa har Makka, kuma harshen bai bar gidansu ba.

Gawar Sualah, mai gadi ɗan Gana, na yashe a kicin. An farke masa ciki, an yanke maƙogwaro, jini ya daskare har ƙarƙashin firji. Likita ya ce tun jiya da yamma aka yi aika-aikar. Ƙofa kuwa lafiyarta ƙalau, da makulli aka shigo.

An riga an buga wa Gidaɗo ankwa, ɗalibin da ke zaune tare da mamacin. Rigarsa jage-jage da jini.

"Wallahi ranka ya daɗe, a wurin abokina na kwana. Da na dawo na gan shi, rungumarsa na yi!"

Tausayi ya kama Sufeto. In ba a samo wani ba, wannan bawan Allah a kurkuku zai tsufa.

"Wa kuma ke da makulli?"

"Mujeeb, ɗayan abokin zamanmu, amma ya tafi Akara zaman makokin babansa."

Kamar an kira shi, sai ga Mujeeb da akwati da leda, yana sharɓar kuka kamar gaske.

"Yanzun nan na sauka, yallaɓai. Daga filin jirgi ko tsayawa ban yi ba."

"Mene ne a ledar?"

"Tsarabar maƙwabta. Wake da shinkafa irin namu na Zongon Akara, a ganye. Ai mutum ba ya dawowa daga gida hannu rabbana."

Sufeto ya cusa hannu cikin ledar. Ya ɗan jima bai zaro ba.

"Habibi, tsakanin Akara da Dubai ya haura kilomita dubu shida. Kusan awa takwas kana sama cikin sanyin jirgi, amma ƙunshin nan har yanzu da ɗuminsa?"

Ya juya ga 'yan kallo. "Wa ke dafa irin wannan a garin nan?"

Idanu suka koma kan Safura, maƙwabciyarsu.

"Ni ban san komai ba," ta ce. Da Sufeto ya ɗaga mata ƙunshin, sai ta sauya magana. "Ɗaurina ne. Da safe wani direba ya saya, ya ce saƙon wani ne a unguwar Al Ras, nan Dubai."

Mujeeb ya fizgo wuƙa daga ƙugunsa, ya kai wa Sufeto sara. Ta tsarge masa damtse, jini ya yi tsartuwa a bango. Sufeto ya murɗe hannunsa har ƙashi ya ce ƙas, ya maka fuskarsa da ƙasa.

"Bizata ta ƙare," Mujeeb ya ce, bakinsa na zubar jini. "In na fita, ba dawowa. Kunya ta sa na ɓuya a Al Ras, na ce na tafi. Jiya na lallaɓo ɗaukar kaya, Sualah ya gan ni. Ya ce sai ya shaida wa duk 'yan Zongo na ƙi zuwa makokin ubana, shi ya sa na kashe shi."

"Khalas, magana ta ƙare," in ji Sufeto cikin takaici.

Aka kwance ankwar daga hannun Gidaɗo, aka ɗaura wa Mujeeb. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Yallaɓai, mahaifiyata na can tana jira na."

"Ta Sualah ma tana jira," Sufeto ya ce. "Shi a akwati zai yi tafiyar."