Baƙin Baba Issoufou

Ana gab da kiran magariba Zuwera tela ta sauka daga taksi a unguwar Lazaret, da ƙunshin riguna goma sha biyu a kanta. Na ƴan rawa ne. Jibi za a yi wasan, an kuma ce lalle ta kawo su yau.

Wata uku ana shirin wasan nan a zauren taron unguwa: waƙa, rawa, da ɗan wasan kwaikwayo a tsakani. Mutum arba'in suka haɗu, Zabarmawa, Hausawa, Fulani, Buzaye, ƴan Togo masu kitso, har da wata Baturiya mai aikin jinya. Ɗiyar babban ma'aikaci tana rawa a sahu ɗaya da mai sayar da tumatir a kasuwar Petit Marché. Don kada wani ya ce an fifita wani, Faisal, matashin da ke jagorantar shirin, ya kafa doka: kowa minti biyar. Da agogon wayarsa yake aunawa.

Dokar ba ta yi wa kowa ciwo ba, sai ranar da ta biyo ta kan Baba Issoufou mai goge.

Tsohon yana cikin kiɗa, ido a rufe, minti biyar suka cika, Faisal ya kashe makirfo. Tsohon bai tsaya ba. Sai Faisal ya hau dandamali ya zare bakan gogen daga hannun dattijon da ya haura saba'in, a gaban mutum arba'in.

"Ɗana, ba ni in ƙarasa," in ji tsohon. "Wannan kiɗan kira ne. Na kira baƙi, ban sallame su ba."

"Baba, baƙinka su sayi tikiti kamar kowa."

Aka kwashe da dariya. Zuwera ma ta yi, har da tafa hannu. Washegari aka cire sunan tsohon daga jerin masu wasa, domin Faisal ya riga ya naɗi minti biyar ɗin a waya, ya ce sun ishi ƴan rawa. Kwana shida ke nan yana saka kiɗan kowace yamma. Kira kan kira, babu sallama.

Zuwera ta tura ƙofar zauren ta yi sallama. Faisal ne kaɗai a ciki, tsugune gaban lasifika, gogen da ya naɗa yana kuka a cikinta.

"Tanti, sannu da ƙoƙari. Ajiye su can gaba."

Ba ta kai gaban ba aka ɗauke wuta. Fankoki suka yi juyi biyu suka tsaya. Jar fitilar lasifika ta mutu.

Gogen bai tsaya ba.

Wani wari ya cika zauren, na taɓon kogi da ƙaron da ake goga wa tsarkiya. Daga sahun baya wata kujerar roba ta yi ƙara, irin ƙarar da take yi in mai nauyi ya zauna. Ta kusa da ita ma ta yi. Sai ta gaba. Sahu bayan sahu, ana matsowa.

"Faisal," ta raɗa, "kashe shi."

"Na kashe, Tanti." Ya ɗaga wayar. Fuskar wayar baƙa ƙirin.

Ƙunshin da ke kanta ya motsa. Ya yi nauyi, ya yi ɗumi, kamar mai numfashi. Ta jefar da shi. Kullin ya kwance da kansa. A ɗan hasken da ya rage a taga, ta ga rigunan da ta ɗinka da hannunta suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kafaɗunsu cike, wuyansu babu kai.

Suka kewaye Faisal.

Ƙafarsa ta dama ta buga ƙasa. Ta hagu ta amsa. Ya fara juyi, yana kuka, jikinsa na rawar da bai taɓa koya ba. Kiɗan ya kai daidai inda aka yanke shi, ya tsinke. Faisal ya faɗi. Kafin ya ja numfashi biyu, kiɗan ya koma farko, wani abu ya ɗaga shi ta wuyan riga.

"Tanti! Don Allah!"

Ta ja da baya. Bayanta ya daki mutum, alhali babu kowa a wurin. Numfashi mai sanyi ya sauka a kunnenta.

"Ke ma kin yi dariya."

Hannayenta suka ɗagu da kansu. Suka tafa. Suka sake tafawa, da ƙarfi, har tafinta ya tsage. Ta cusa su cikin hammatarta, ta danne, ta ruga. Gyalenta ya maƙale a bayanta. Ta bar shi.

A bayan kasuwa ta tarar da Baba Issoufou zaune kan buzu, ya idar da salla. Ta zube a gabansa, jini na ɗiga daga hannunta.

"Baba, ka yafe mini. Na yi dariya ranar nan. Zo ka cece shi, za su kashe shi."

Ya dube ta.

"Ke kin zo, ɗiyata. Tashi, babu abin da zai bi ki."

Bai yi sauri ba. Sai da ya gama lazimi, ya nemi takalmansa, sannan ya ɗauki gogen. Shi kaɗai ya shiga zauren. Zuwera na waje ta ji gogensa ya kama na ciki ya wuce da shi gaba, zuwa wani sauti mai taushi da ba ta taɓa ji ba. Kujeru suka yi ta ƙara, daga gaba zuwa baya. Aka fito da Faisal a hannu, tafin ƙafafunsa sun saɓule.

An yi wasan bayan mako biyu, da sababbin riguna, domin Zuwera ta ƙone na farko. Zauren ya cika, an yi tafi. An mayar da sunan tsohon cikin jeri, amma bai hau dandamali ba. Faisal ya aika masa da goro da shadda ta hannun kawunsa, tsohon ya mayar da su.

Har yau ƙafar Faisal ta dama ba ta daina buga ƙasa ba, ko a sahun salla. Da Zuwera ta tambayi tsohon dalili, ya ce mata akwai baƙo ɗaya da bai sallama ba, kuma da sane ya bari.

"A gaban mutum arba'in ya ƙwace mini baka," ya ce. "Ya tara su duka, ya durƙusa da ƙafar tasa. Ran nan zan ƙarasa."